Shekarar da Muka Tambayi Yawan Shanu

Kwanan baya wani sabon malami ya same ni a ofis ina fiƙe fensir da reza. Ya tsaya yana kallona kamar ya ga mai sassaƙa turmi a cikin banki. Ya ce, "Baba Bukar, wannan aikin naku na tantance Turancin sababbin ɗalibai, ai kwamfuta za ta gama shi kafin shayinka ya huce." Na ce, "Haka ne, ɗana. Na ma ji an ƙera wadda ke zuwa gaishe da surukai." Ya yi dariya ya fita, a zatonsa ya ci ni da magana. Saboda shi da ire-irensa na zauna rubuta wannan, tunda matasan yanzu ba sa zama a ba su labari, amma in ka rubuta sukan karanta don su kama ka da kuskure.

Ga aikin a taƙaice. Duk wanda jami'armu ta nan ƙasar Haɗeja ta ɗauka, ko me takardarsa ta sakandare ta ce, sai ya biyo ta gabanmu a makonnin farko. Mu ga hannunsa a rubutu, mu ji bakinsa a magana. In Turancinsa zai iya ɗaukar lacca, ya wuce aji ɗaya. In ba zai iya ba, sai ajin share fage, shekara guda cur yana gyaran harshe kafin a fara ƙirga masa karatu. Dole ce ta sa muke haka. Na ga takardar da ta zo da Turanci mai lambar yabo, mai ita kuwa da na ce masa da Turanci ya zauna, sai ya fita ya ja mana ƙofa a hankali. In ka jefa wanda ya iya cikin share fage, ka ci masa shekara. In kuwa ka tura wanda bai iya ba aji ɗaya, ka fi cutarsa, don zai zauna yana gyaɗa kai har ranar da za a sallame shi.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai jan biro, wanda ba na ba kowa aro ko da ɗan'uwana ne na jini. Akwai agogon auna lokaci mai igiya, ana rataya shi a wuya kamar laya. Akwai tsohuwar rikoda da muke naɗar muryoyi da ita, wadda in ta ga dama takan mayar da budurwa tsohon maƙeri. Akwai randar ruwan sanyi a bakin ƙofa, domin mai jin tsoro maƙogwaronsa ke fara bushewa kafin Turancinsa. Sai kuma fuska. Fuska ita ce babban kayan aiki, kuma ita na fi shan wahala kafin in samu, don ni Allah ya yi ni da dariya a kusa.

Ranar da na fara zama a teburin jin baki, wani saurayi daga wajen Kafin Hausa ya shigo, aka ce ya faɗi abin da ya kawo shi jami'a. Ya gyara tsayuwa, ya kafa wa silin ido, ya kwararo mana wani jawabi da ya haddace a kan amfanin itatuwa. Babu waƙafi, babu numfashi. Na yi ta maza na yi ta maza, da ya kai ga inuwa sai na fashe. Wanda ke koya mini aikin, Farfesa Sambo, a lokacin yana Dakta, bai ce mini komai ba sai da yaron ya fita. Sannan ya ce, "Bukar, ka san abin da ka yi? Ka kashe mana duk waɗanda ke layi. Yanzu zai fita ya ce ana dariya a ciki." Haka kuwa aka yi. Sauran da suka shigo ranar, da ƙyar muka ciro musu sunayensu. Daga nan ya mayar da ni mai riƙon agogo. Na daɗe ba abin da nake yi sai danna agogo da ɗaukar takardu, har hannuna na dama ya fi na hagu tsawo.

A wurinsa na koyi cewa mai manyan kalmomi ba shi ne abin dogaro ba. Akwai wanda zai jero maka kalmomin da ko Baturen da ya ƙirƙiro su ya manta da su, in ka tambaye shi ina ne makewayi ya rasa amsa. Akwai kuma wadda Turancinta duk faci ne, amma in ta fara ba ka labarin yadda kwalekwale ya kife da su a kogi, sai ka ji ƙafarka ta jiƙe. Farfesa ya ce wannan ita ce za ta yi karatu, facin kuma aikinmu ne.

Dole in faɗi wani abu game da ni da Farfesa, don labarin ba zai tafi ba sai da shi. Ni Babarbare ne, shi Bafulatani. Kowa ya san abin da ke tsakanin Barebari da Fulani: wasa ne tun na kakanni, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. A cikin ofis "ranka ya daɗe" nake ce masa, in rusuna. Da mun haye ƙofar jami'a kuwa, bawana ne, ni ma bawansa ne, kuma babu abin da ba zan iya faɗa masa ba. Shi Bafulatanin birni ne. Kakansa ne ya ajiye sandar kiwo. Nakan ce masa iyakar saninsa da saniya shi ne kilishi. Amma fa yana ji da asalin nan ƙwarai, har hoton farin bijimi ya kafa a bayan kujerarsa.

To ku matasa kuna ganin mu masu jan biro mu ne da iko. Ko kusa. Ikon yana hannun majalisar tsangaya, wato taron dukan malamai ƙarƙashin shugabar tsangaya. Su ke yanke wa za a gwada, da me za a gwada shi, da makin da zai raba aji ɗaya da share fage. Abin da suka yanke sai ya haura majalisar ƙoli ta jami'a, in ya shiga can kuma ya zama dutse. Ni ne sakataren ƙaramin kwamitin tantancewa, don haka na sha zaman nan har kujerun ɗakin sun san nauyina.

Akwai dokokin da ke rubuce, akwai kuma waɗanda ba wanda ya rubuta, su ne masu ƙarfi. A majalisarmu ba a ce wa babba bai yi daidai ba. Sai dai a ce, "An ji, za a duba." In ka ji an ce a kafa kwamiti ya duba maganarka, je ka kira mai gina kabari. Ɗaga hannu don ƙuri'a kuwa abin kunya ne, ana ganinsa kamar miji da mata sun kai kansu kotu. Kuma dokar da dattijo ya kawo, babu mai taɓa ta sai shi da kansa, ko bayan ya yi ritaya an tabbata ba ya zuwa gaisuwa.

Dokar da ta fi kowace tsauri ta Farfesa ce, kuma da dalili ya kawo ta. Kafin ita, aikin nan alfarma ce zalla. Ɗan aboki in ya shigo a tambaye shi sunansa, a ce ya ci. Ɗan talaka a tambaye shi abin da ke hana jirgin sama faɗowa. In ɗan babban mutum ya faɗi, a sake masa gwaji har sai ya gaji da ci. Farfesa ya yi shekaru yana faɗa a kan wannan, ya ɓata da mutane, har aka amince: tambaya a rubuce take tun kafin ɗalibi ya shigo, mai gwaji ba ya canza ta, ba ya taimakawa ko da ƙifta ido. In agogo ya cika ba ka ce komai ba, sifili ne. Kuma ba a sake wa kowa, ko ɗan wa ye. Dokar nan ta gyara mu, ban taɓa musun haka ba.

Sai dai tambayoyin da muka gada daga littattafan wasu ƙasashe ne. A ce wa yarinyar da ta taso a bakin fadama ta kwatanta yadda ake shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Wata shekara Farfesa ya tashi a majalisa ya ce wannan zalunci ne, a tambayi kowa abin da ya sani. Ya kawo sababbin tambayoyi bisa sana'ar gidan da ɗalibi ya fito. Ɗan manomi ya faɗi buhu nawa suka noma bana da yadda suka yi. Ɗan masunci ya faɗi inda kifi ya fi kamuwa. Wanda ya fito gidan kiwo ya faɗi shanun babansa nawa ne, ya kwatanta su. Aka yi tafi har fanka ta tsaya. Ni na fi kowa tafi, don tafina ma da ƙari yake.

Ita ce shekarar da har yau muke kira shekarar shanu.

'Ya'yan manoma ba su ba mu matsala ba. Ƙarya suka yi ta shararawa da Turanci mai daɗi. Wani da na san gonar ubansa ba ta fi tabarmar sallah ba ya noma mana shinkafar da za ta ciyar da Jigawa da Yobe, muka ba shi maki mai kyau, tunda Turanci muke aunawa. 'Ya'yan masunta suka tura mu wuraren da ko kwaɗo ba ya zama. Amma waɗanda suka fito gidajen kiwo, da yawansu sai su sunkuyar da kai har agogo ya cika. Muka ce kai, bana daji ya turo mana kurame.

Cikinsu akwai wata mata, ba yarinya ba, Malama Hajjo, malamar firamare daga wata makarantar 'ya'yan makiyaya can bayan Birniwa. Ta shigo ta durƙusa ta gaishe mu. Farfesa ya karanta mata tambaya. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi hoton bijimin nan, ta mayar da kai ƙasa. Ina jin agogo yana tafiya a ƙirjina. Ya cika. Na rubuta sifili, kamar yadda doka ta ce. Rubutunta na takarda ba laifi, amma sifilin baki ya ja ta share fage.

Bayan 'yan kwanaki ina wucewa ta wajen layin rajista, sai na ji Turanci yana tashi kamar an kunna rediyo. Wani ɗan bautar ƙasa ne daga kudu ya zo da wata 'yar ƙawarsa zai cusa ta gaban layi. Wata mata ta tare shi tana wanke shi tas. Ba zagi, ba ɗaga hannu, jimla bayan jimla, kowace da kanta da ƙafafunta. Ta faɗa masa tun yaushe mutane ke tsaye, ta tambaye shi ko haka aka koya masa a inda ya yi karatu, ta ƙare da roƙonsa cikin ladabi ya koma baya. Bawan Allah ya koma baya har ya kusa fita daga jami'ar. Na leƙa fuskar matar. Sifilina ce.

Na kira ta gefe. Na ce, "Malama, wannan Turancin a ina kika ajiye shi ran nan? A mota kika manta shi?"

Ta ce, "Yana nan tare da ni, Malam."

"To me ya hana ki fito da shi?"

Ta ce, "Malam, mu ba ma ƙirga shanu. Ko a gida ba a yi, balle a faɗa a gaban mutane. Kakanninmu sun ce baki yana kama dukiya, kuma tun zamanin jangali mai tambayar yawan shanu ba alheri ke kawo shi ba."

Na ce, "Ai da kin yi mana ƙarya. Kowa ƙarya ya yi. Ki ce dubu, mu ba ki maki."

Ta ce, "Da kai ka tambaye ni, Malam, da na yi maka, tunda Babarbare ne kai." Na ce na gode. Ta ce, "Amma dattijon nan namu ne. Na ji a sunansa, na gani a fuskarsa. Ba zan iya yi wa babana ƙarya ba, ba zan kuma iya faɗa ba. Na ma ɗauka gwada tarbiyyata yake yi."

Sannan ta faɗa mini babbar matsalar. Hutun ƙaro karatu aka ba ta daga wurin aiki, iyakar shekarun digiri, babu ƙari. In an sa ta share fage ba za a amince ba, sai ta koma ajinta, hutun kuma ya wuce ga na bayanta a layi. Ta ce ta daɗe tana jiran layin nan, tun babbar 'yarta tana goye. Sakamakonmu kuwa ranar Alhamis zai haura majalisar ƙoli. Majalisar tsangaya za ta zauna Laraba ta sa masa albarka.

Yanzu ku masu kwamfuta, me za ku yi? Na san amsarku. Ku tashi ranar Laraba ku ce tambayar Farfesa ba ta da kyau. Za a ce an ji, a kafa kwamiti, kwamitin ya kawo rahoto lokacin da jikar Malama Hajjo ke neman shiga jami'a. Na je wurin shugabar tsangaya, Hajiya Dakta Rabi, mace mai natsuwa wadda ta haddace dokokinmu kamar karatun allo. Ta saurare ni tsaf. Ta ce, "Malam Bukar, na ji tausayinta. Amma doka ta ce ba a sakewa, ni kuma aikina tsare doka. In mai dokar ya tashi da kansa, zan ba shi dama. In kai ka tashi, zan ce ka zauna." Na ce ranki ya daɗe, ko ni ne ke kujerarki haka zan ce wa kaina.

Lokacin yankan shinkafa ne. Farfesa yana da gona a fadama, kuma a irin wannan lokaci in kana nemansa can za ka same shi, da malafa kamar rumfar kasuwa. Na hau babur na rataya agogona a wuya na tafi. Na tarar ana bugu, ana sheƙa, buhuna jere a gindin wata tsamiya, shi kuma yana zaune a kan tabarma yana kallonsu kamar 'ya'yansa.

Ya hango ni ya ce, "A'a, ga bawana ya zo dako. Ku ba shi buhu ya ɗauka."

Na ce, "Fulata, yau ba wasa ya kawo ni ba. Gwaji na zo yi maka." Na ja shi gefe inda masu aiki ba za su ji ba, na gyara fuskar nan da ya koya mini, na danna agogo. Na ce masa da Turanci ya faɗa mini buhu nawa ya samu bana.

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na ce da Turanci, ba a taimaka wa ɗalibi, amma lokaci na tafiya.

Ya ce, "An samu na tuwo, Bukar. Sai godiya."

"Nawa?"

"Kai, wane irin rashin ta-ido ne wannan? Ana tambayar mutum haka?"

Na danna agogo na ce, "Sifili. Farfesan Turanci, sai share fage. Ka zo da fensir biyu ranar Litinin."

Ya yi dariya har malafa ta faɗi. Yana cikin dariyar sai na ga ta fara raguwa. Mutum ne mai kaifin kai, ba ya bukatar a tauna masa. Ya ce, "Shanun?" Na ce shanun. Na ba shi labarin Malama Hajjo daga layin rajista har zuwa hutunta, har da inda ta ce ta ɗauka tarbiyyarta yake gwadawa. Wannan ce ta zaunar da shi. Ya daɗe yana murza zangarniya a tafin hannu. Ya ce, "Kakata takan faɗi haka. In aka tambaye ta sai ta ce suna lafiya. Na ɗauka tsufa ne."

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Ya ce, "Bukar, ba zan sake mata ba. Ka manta yadda muke a da? Yau in na buɗe ƙofar nan don mai gaskiya, gobe ɗan kwamishina ne zai shigo ta cikinta, ya ce shi ma al'adar gidansu ce ta hana shi magana. Kuma za a ce don Bafulatana ce na yi." Na ce duk gaskiya ne. Na ce ni dai ban zo da dabara ba, na zo da sifili ne, kuma na riga na bayar. Na hau babur na bar shi da buhunansa. Ko ɗaya bai ba ni ba, don rowar Fulani ba ta da magani.

Ranar Laraba wata fitinar ta ɓullo. Majalisa ba ta zama sai malamai sun kai adadin da doka ta ce, rabinsu kuwa suna fadama. In ba a zauna ba, shugaba za ta sa hannu a madadin kowa, sakamako ya haura yadda yake. Tun da safe nake zagaye da babur ina kwaso masana daga cikin taɓo. Na ɗauko wani Daktan tarihi da lauje a hannu. Wani masanin Larabci sai da na rantse masa akwai nama a abincin taro, alhali biskit ne. Aka cika da ƙyar, ɗakin yana ƙanshin ɗanyar shinkafa.

Na karanta sakamako. Hajiya ta tambaya ko akwai mai magana. Na kafa wa takardata ido. Can sai na ji kujera ta motsa.

Farfesa ya ce, "Ranki ya daɗe, dokar hana sakewa ni na kawo ta, kuma ina nan a kanta. Ba na neman a sake wa kowa. Abin da nake cewa shi ne, akwai waɗanda ba mu gwada ba tukuna. An ɗora mana mu ji Turancinsu. Na rubuta tambayar da ɗan mutunci daga gidan kiwo ba zai amsa ba ko da Fulatanci. Wanda aka rufe wa baki ba a ji shi ba. Tambayar tawa ce, ina roƙon majalisa ta soke ta."

Aka dubi juna. Ba a saba jin babba ya kwance abin da ya ɗaura ba. Sai wani matashin malamin falsafa ya miƙe, ya ce da izinin iyaye, ta yaya za a tabbata wannan ba alfarma ba ce da sabuwar riga? Aka fara harararsa. Farfesa ya ce a bar shi, tambayar da ya kamata a yi ke nan.

Hajiya Rabi ce ta ɗaure maganar. Ta ce in za a soke, a soke wa duk wanda tambayar shanu ta faɗa wa, ba mutum ɗaya ba, har waɗanda suka amsa suka ci. A gwada su yau ɗin nan bayan azahar. Kowa ya zaɓi abin da zai yi magana a kai daga cikin abubuwan da majalisa za ta rubuta yanzu a gaban kowa. Kuma Farfesa da Malam Bukar kada su kusanci teburin, malamin falsafan nan shi zai riƙe agogo. Ta ce, "Akwai mai ja?" Ba wanda ya ɗaga hannu, ba wanda ya ɗaga murya. Haka ake ƙuri'a a wurinmu.

Aka bazama neman ɗalibai. Ni da Farfesa aka kore mu waje, muka zauna a benci ƙarƙashin dalbejiya kusa da taga, kamar iyayen da suka kawo yara allura. Kada ku ɗauka duka suka ci. Wasu da aka buɗe musu baki sai aka tarar babu Turancin a ciki, suka tafi share fage, kuma can ne ya dace da su. Wani ma da ya ci da fari ya zo ya faɗi, ya bi ni da harara har ya gama digiri.

Da aka zo kan Malama Hajjo, ta zaɓi magana a kan kacalla, ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa a fadama. Muna ji ta taga. Ta fara da yadda ciyawar ta cinye mashayar da shanu ke sauka, ta bi ta kan masunta, ta shiga gonakin da ruwa ya daina kaiwa, ta faɗo kan tsuntsayen da ke kwana a ciki su wayi gari a gonar gero. Agogo ya cika, malamin falsafa ya danna, ba ta ji ba. Ya sake dannawa. Na rantse da ba a tsayar da ita ba da sai ta bi kogin nan da Turanci har Tafkin Chadi.

Ta fito tana gyara mayafi, ta gan mu. Ta zo ta durƙusa gaban Farfesa. Ya dube ta, ya yi gyaran murya, ya ce, "'Yata, yaya shanu?"

Ta ce, "Suna lafiya, Baffa."

Ya ce, "Madalla. Allah ya ƙara musu albarka. Je ki, Litinin akwai lacca."

Sunanta ya haura ranar Alhamis cikin 'yan aji ɗaya. Ta gama a kan lokacinta, ta koma bayan Birniwa, yanzu ɗalibanta ne ke zuwa gabana, kuma ina gane su tun daga gaisuwa. Dokar hana sakewa tana nan ba a taɓa ta ba. Abin da aka ƙara kawai shi ne, kowace sabuwar tambaya sai an karanta ta a majalisa, an tambayi ɗan kowane gida ko za a iya amsa ta a gidansu. Zaman yakan yi tsawo, biskit yakan ƙare, amma ba mu sake samun kurame ba.

Farfesa ya yi ritaya, yana fadama. Duk shekara in an fara yanka nakan rataya agogo in hau babur in je in yi masa tambayar nan da Turanci. Bara ma na je. Har yanzu yana share fage.